Tattara Tarihin Malam Kakanmu: Kundin Aiki

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau kusan wata uku ke nan da rasuwar kakanmu, Allah Ya jiƙansa. A gidanmu ba a kama sunansa, Malam ake cewa. Ni ne na ci sunan, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kira na da wani abu ba sai "takwara".

Asalin wannan aiki musu ne da ya tashi a zaure ranar sadakar arba'in. Baffa Babba ya ce Malam ya cika shekara ɗari cif. Wani ɗan'uwanmu ya zaro katin shaidar ɗan ƙasa na Malam, an rubuta 1935. Aka yi ta ja-in-ja, ba mai hujja. Can sai Goggo ta aiko daga cikin gida cewa tunda akwai mai sunansa, kuma ya yi boko, a ɗora masa ya rubuta. Haka kayan suka hau kaina.

Niyyata ɗan littafi ne mai shafi kamar 60, a raba wa dangi ranar Ƙaramar Sallah. Ina son in gano shekarar haihuwarsa, in bi sawun tafiyarsa Makka ta ƙasa, in kuma jera zuri'arsa kaf. Na sayi manyan littattafan rubutu biyu da biro, N3,400.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na jera waɗanda zan zauna da su, mutum 14. Ta farko ita ce ƙanwarsa da ke ƙauye a ƙasar Bichi. Ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma ta haura casa'in.

Asabar, 11 ga Janairu

Hajiya, wadda har yanzu tana cikin takaba, ta ba ni makullin adakarsa. Tun muna yara muke ganin adakar nan a ƙarƙashin gado, ba wanda ya isa ya taɓa. Da na buɗe, ƙamshin turarensa ne ya fara bugo ni. Sai da na ɗan zauna kafin in iya sa hannu.

Gara ta riga mu. Ta shigo ta ƙasan adakar inda tsatsa ta huda, ta cinye kusan rabin takardun da ke ƙasa. Cikin abin da ya tsira akwai takardun haraji a ɗaure da zaren ɗinki, kowace shekara da tata, har zuwa lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano a 1979. Akwai wasiƙu uku na ajami, da hotuna 23, da wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu har gefensa ya yi laushi.

Hotuna takwas sun manne da juna saboda danshi. A nan na yi ɓarna. Na sa farce na ɓamɓare biyu, fuskar mutum guda ta bi bayan ɗayan ta tafi. Hajiya ta karɓa ta daɗe tana dubawa, ta ce hoton uwargidansa ce ta fari, wadda ta rasu kafin a haifi babana, kuma ba ta san da wani hoton nata ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Sauran shidan na naɗe su a farar takarda na ajiye, ba zan ƙara taɓa su ba sai na sami wanda ya san aikin.

Littafin mai baƙin bango na awon riguna ne, duk da ajami. Amma idan aka juya shi ta baya, akwai jerin sunaye shafi bayan shafi. Ajamina bai kai in karanta hannun Malam ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na tafi ƙauye. Kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan acaɓa N6,500, goro da sukari da sabulu N9,000. Hazo ya rufe ko'ina, sanyi har ƙashi.

Na same ta a bakin murhu tana jin ɗumi. Da na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata ta ce, "Maigidana ne? Sai da yayana ya tafi ka tuna kana da mata a ƙauye?" Na ce, "Tuba nake, Kaka." Ta yi dariya, sai kuma hawaye.

Idonta ya yi rauni, amma tunaninta garau. Kan batun haihuwa ba ta ko yi jinkiri ba: ta ce innarsu kullum tana faɗa, an haife shi a daminar da ta biyo bayan naɗin Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Ta ce yana saurayi ya shiga Kano da rani, yana dakon buhunan gyaɗa a inda ake tara dala kusa da layin dogo, damina ta faɗi ya koma gona. A can ne ya ga wani tela a Fagge yana taka keke, ya tsaya kallo, har mutumin ya ce masa in kallo ne ya ishe ka, zo ka riƙe mini bakin yadin nan.

Sai labarin Makka. Su biyu suka tashi, shi da ƙaninsa mai bi masa, ba su gaya wa innarsu ba sai ana gobe tafiya. Ta lissafa mini garuruwan kamar mai karanta hadda: Maiduguri, Fallomi, Abeshe, Junaina, Fashir, Lubayya, sannan Madani, wato Wad Madani ta ƙasar Sudan. Wani wuri a bayan babbar mota, wani wuri a ƙasa. Guzuri ya ƙare a Sudan, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, kamar yadda dubban takari suka yi kafin su. A can suka ji rasuwar Sarki Alhaji, wato ƙarshen 1953 ke nan. Da suka tara kuɗin jirgin ruwa suka haye ta Sawakin zuwa Jidda. Bayan an sauke farali suka dawo Madani, ƙanin ya ce shi ya ga wuri, zai yi aure ya zauna. Malam ya dawo shi kaɗai, gab da zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Ta ce da ya shigo gida ba ƙanin nasa, innarsu ta kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Mun fi awa biyu. Na dawo da farin ciki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kunna muryar da na ɗauka jiya, minti 17 ne kawai a ciki. Wayar ta cika, ta tsaya da kanta, ni kuwa na kife ta a kan tabarma ban duba ba. Duk tafiyar Sudan babu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryarta lokacin da take jera garuruwan nan, da inda take tsayawa ta ja numfashi. Wannan ba abin da biro zai iya kamawa ba ne.

Daga azahar har ƙarfe ɗaya na dare ina rubuta abin da na tuna, shafi 11. Inda nake shakka na ja layi a ƙasa. Gobe zan sayi memori, kuma daga yau da waya biyu zan riƙa ɗauka, in tura kowace murya Google Drive kafin in kwanta.

Litinin, 20 ga Janairu

Memori N7,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Na kai littafin baƙin bango wa limamin masallacin unguwarmu, wanda ya yi shekara sama da talatin yana jan Malam salla. Ya ce hannun tsangaya ne, ya saba da shi. Yana karantawa ina rubutawa da boko.

Wasiƙun uku daga ƙaninsa suke, daga Madani. Gaisuwa ce da labarin haihuwa, da neman a gaishe masa da inna.

Jerin da ke bayan littafin shi ne ya hana ni barci. Kowa ya san 'ya'yan cikin Malam 17 ne, 13 na raye. Amma a jerinsa na farko akwai suna 29. Kowane suna da shekararsa ta Hijira a gefe, na farko 1377, kuma kalma ɗaya ya yi amfani da ita ga kowa: "ya shigo gida", "ta shigo gida". Wanda matarsa ta haifa, ya shigo gida. Marayun yayarsa uku da ya ɗauko daga ƙauye, sun shigo gida. Almajirin da ya fara da share shago ya ƙare da ɗaki a soro, ya shigo gida. Akwai wanda aka rubuta a 1393, shekarar farin 1973, yaron da ya biyo ayarin masu gudun yunwa daga ƙasar Damagaram, uwarsa ta rasu a hanya. Ba alama ko ɗigo da ya raba wannan da wancan.

Mutum biyu a jerin nan, wallahi sai yau na san ba Malam ne ya haife su ba. Baffa nake ce musu tun da na buɗe ido.

Liman ya rufe littafin ya ce, "Haka yake. Ko da zai aurar da su bai taɓa bambanta kayan ɗaki ba." Ya ƙi karɓar ko kwabo.

Talata, 28 ga Janairu

Lissafin shekaru ya fita. Sarki Abdullahi Bayero ya hau gado a 1926, amma sai a Fabrairun 1927 aka yi bikin naɗinsa, daminar da ta biyo baya ta 1927 ce, kuma a tsakiyar wannan shekara aka shiga 1346 ta Hijira. Malam ya rasu a Rabi'us Sani 1446. A lissafin boko shekara 97, a na Musulunci ɗari. Ashe Baffa Babba na da gaskiya, don shi Malam da watan sama yake ƙirga. Na katin nan kuwa ƙiyasin mai cike takarda ne.

Asabar da Lahadi, 1 da 2 ga Fabrairu

Na zauna da baffanni uku. Kusan labari ɗaya suke bayarwa: tuwon dare a faranti ɗaya a zaure, da yadda yake ƙirga kawunan yara kafin a rufe ƙofa. Sikanin hotuna 15, N4,500.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau an kai ruwa rana. Na kai wa Baffa Babba jerin sunayen yadda zan sa a littafi, duka 29 bisa tsarin Malam. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Wannan ba zai yiwu ba. Littafin zuri'a ka ce za ka yi."

Na ce, "Baffa, yadda ya rubuta na kwafo, ban ƙara ban rage ba."

Ya ce shi ba ƙin kowa yake ba, tare suka tashi, tabarma ɗaya suka kwana. Amma takarda ta fi mutum daɗewa. Nan da shekara hamsin wani jikan zai ɗauko littafin ya ce ga sunan kakansa cikin 'ya'yan Malam, a ba shi rabonsa a gidan Fagge. Ya kuma kawo ayar Suratul Ahzab da ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ban da abin cewa a kan wannan, gaskiya ya faɗa, kuma ya ga rigingimun gado da ni ban gani ba.

Sai dai ni ma na kasa yarda a yi jeri biyu, na 'ya'ya a gaba, na "waɗanda ya riƙe" a baya. Mutumin da ya yi shekara sittin yana ƙin raba su, ba zan zo da sunansa a kaina in raba masa su bayan ƙasa ta rufe idonsa ba. Idan na yi haka, littafin ya zama na wani mutum daban.

Muka tashi ba matsaya. Da daddare babana ya kira ni ya ce kar in sake ja da yayansa a gaban mutane, ko da ina da gaskiya. Na karɓi wannan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na koma na ba Baffa haƙuri. Liman ne ya kawo mafita: a bar jerin ɗaya bisa tsarin Malam da kalmarsa, amma kowane suna a haɗa shi da sunan mahaifinsa na asali. Nasaba ta tsaya a inda shari'a ta ajiye ta, jerin kuma bai tsage ba. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "To, a sa hoton shafin da hannunsa a gefe, kowa ya gani ba kai ka ƙirƙira ba." Alhamdu lillahi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na koma ƙauye da waya biyu. Na tarar da Kaka a kwance, tari ya kama ta tun makon jiya. Ban so in takura mata ba, ita ce ta ce in kunna abin nawa. Minti 24 muka samu. Garuruwan ta sake jera su, muryar a dashe, amma sun shiga.

Sai ta ƙara abin da ba ta faɗa ba wancan karon. Ta ce tun da wasiƙun Madani suka daina zuwa, duk Ƙaramar Sallah Malam sai ya ɗinka riga da awon ƙaninsa, ya bayar sadaka, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ita ma ganewa ta yi, don ta san tsawon ɗan'uwanta.

Ina isowa gida ko takalmi ban cire ba na ɗauko littafin awo. Yana nan. Awo iri ɗaya, yana dawowa kowane Ramadan, ba sunan mai riga, ba kuɗi a gefe. Na ƙirga sau 31 a wannan littafin kaɗai.

Mota da magani da 'yar tsaraba, N17,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shagon Fagge. Baffan da ya zo daga Damagaram shi ke riƙe da shi, yanzu shi ma da furfura da jikoki. Keken Malam, Singer baƙi mai feda, yana nan yana aiki, an sauya masa bel ba adadi amma kan bai taɓa zuwa wurin gyara ba. Ya ce kullum da safe Malam sai ya ɗiga masa mai kafin shi ya karya kumallo.

Ya ba ni labarin canjin kuɗi na 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ya ce Malam ya yi shekaru yana yanka farashi da sule, sai yaran shago su mayar wa mai kaya, sule ɗaya kwabo goma. Ya tuna daren jajibirin Sallah, keke huɗu na kuka har asuba a hasken fitilar ƙwai, kuma kayan yaran gida ne ake fara gamawa kafin na masu biya, duk wanda zai yi fushi ya yi.

Ya nuna mini wani littafin, na bashi. Shafuka da yawa an ja musu layi daga sama har ƙasa. Na ɗauka an biya ne. Ya ce a'a, wanda aka biya ana sa masa alama a gefe, mai layi kuwa wanda Malam ya yafe ne, kuma a goman ƙarshe na azumi yake zama ya ja su.

Da na karanta masa sunansa a jerin, da shekarar da ya shigo gida, ya juya ya fuskanci bango. Na fita waje na ba shi wuri.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Bugawa a kwamfuta sai bayan asham, shafi biyu ko uku in akwai wuta.

Lahadi, 9 ga Maris

Ƙirgar jikoki ta fi yadda na zata wuya. Na roƙi kowane ɗaki ya turo nasa ta WhatsApp, wasu sun turo da sunan rana, wasu da laƙabi, masu sunan Malam kaɗai mu tara ne. Zuwa yau jikoki 118, tattaɓa-kunne 74. Ɗaki biyu ba su turo ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na karɓo gwajin bugu daga maɗaba'a, raina ya ɓaci. Duk inda akwai ƙ da ɗ da ɓ, ɗan akwati ne ya fito a wurin. Na nuna wa yaron da ke kan kwamfutar, ya ce mai sauƙi ne, a mayar da su k da d da b, kowa zai gane. Na ce a littafin da ke cike da sunayen mutane da maganar tsofaffi ba zan yarda ba, ƙafa ba kafa ba ce. Matsalar daga nau'in harafin da suka zaɓa ne, ba ya ɗauke da masu lanƙwasa. Zan shirya shafukan da kaina in kai musu a PDF.

Ga kuma kuɗi. A Janairu an ce mini kwafi 100 a N240,000. Yau an ce takarda ta tashi, shafukan kuma sun kai 84, sai N365,000. Abin da dangi suka haɗa N210,000 ne. Na kashe N47,400 daga aljihuna zuwa yanzu, ban sa shi a lissafin ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na haƙura, ba zai fito a wannan Sallar ba. Na sanar a zauren dangi. Wasu ba su ji daɗi ba.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah, ta farko ba Malam. Buzunsa na nan a zaure inda yake zama, ba wanda ya hau. Bayan la'asar Baffa Babba ya ce in karanta wa mutane wani abu daga ciki. Na karanta babin Sudan da na rigar Sallah. Ba wanda ya san labarin rigar, har Hajiya. Na kunna musu muryar Kaka tana jera garuruwa, yara suka yi tsit.

Da na shiga cikin gida Goggo ta tare ni. "Abin da ka rubuta ya yi kyau, ɗana, amma Malam na shago ne da na zaure. Ina wanda yake tashi da tsakar dare ya goya mai ƙyanda don uwar ta runtsa? Ina wanda yake zuwa bikon 'ya'yan maƙwabta? Ka tambayi mace ko ɗaya ban da Kaka?"

Na duba jerina na mutum 14. Mata biyu ne a ciki. Gaskiyarta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sabon shiri. Ƙanwata za ta zauna da Hajiya da goggonni da matan baffanni, don akwai abin da ba za su faɗa a gabana ba. Na ba ta waya ɗaya da memori, na nuna mata yadda za ta duba cewa tana ɗauka. Wannan zai ƙara babi guda, shafukan za su kai ɗari. Baffan shago ya ce a bar masa cikon kuɗin bugu, na ce sai na shawarci Baffa Babba tukuna.

Wani ɗan'uwa da ya yi karatu a Sudan ya samo mini lambar da aka ce ta jikan ƙanin Malam ce. Tun da yaƙi ya ɓarke a can a Afrilun 2023 mutanen Madani da yawa sun watse. Na tura saƙo da Hausa da Larabci, da hoton ɗaya daga cikin wasiƙun kakansa. Kwana huɗu ke nan saƙon bai shiga ba. Na bar shafi biyu fari a ƙarshen babin, in amsa ta zo kafin a kai maɗaba'a.

Wa'adi yanzu Babbar Sallah, farkon Yuni, in Allah Ya kai mu. Asabar mai zuwa zan kai hotuna shidan nan da suka manne wurin wani tsohon mai hoto a Sabon Gari, daga nan in wuce ƙauye in duba jikin Kaka.